Aikin Ƙarshe na Baba Mai Gyara

"Ja da fuskarki baya," in ji Baba Mai Gyara. "Numfashinki ma ƙazanta ne a wurinsa."

Tela ta ja da baya. Shagonta na ɗinki yana jikin nasa, kuma tun da ciwo ya kwantar da shi ita ke leƙo shi. Yau ya sa an jingina shi da filo a ƙofar ɗaki, an jawo masa teburin aiki. A kai akwai faifan ajiya na kwamfuta, an cire murfinsa, yana sheƙi.

Na wani direba ne. Hotunan mahaifiyarsa da ta rasu suna ciki, babu su a ko'ina kuma. Baba ya karɓa tun da sauran ƙarfinsa, ya ce zai fito da su. Yanzu hannunsa ko kofi ba ya riƙewa.

"Baba, a kai wa wani mana. Ni zare na sani."

"Wani zai ce ya mutu, ya jefar. Ni kuma ba na son in tafi da kayan mutane a hannuna. Kin ga ɗan hannun nan? Allurar da ke bakinsa ba ta taɓa faifai. Idan yana juyawa, iska ke ɗaga ta, tana karanta maganaɗisu daga sama. Wannan faɗuwa ya yi, ta manne."

"Idan na karce shi fa?"

"Sai ki ce ni ne. Wa zai biyo ni da ƙara?"

Ta harare shi, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Matarsa ta fito da ruwa.

"Malam, ka bari haka."

"Saura kaɗan, tsohuwa. Lokacin da na fara aikin nan, irinsa sai ƙarti sun ɗauka, kuma hoton aurenmu ma da ƙyar zai shiga."

Tela ta goge hannu. Ta juya faifan a hankali kamar yadda ya nuna, ta tura ɗan hannun zuwa gefe. Wani siririn sauti ya fito, ƙas.

"Ta saki. Rufe, ki ɗaure."

Ta jona shi da kwamfuta. Baba ya ce ta kawo kusa da kunnensa. Ya lumshe ido, ya daɗe yana saurare.

"Yana tafiya. Kada ki kashe, ba lallai ya sake tashi ba. Kwashe komai."

Hotuna suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce ya gaji, Tela da matarsa suka kama shi suka kwantar a ciki. Tela ta koma gaban kwamfutar. Tana nan zaune ta ji matarsa tana kiran sunansa ƙasa-ƙasa, ta sake kira, sai ta fara salati. Tela ta miƙe, ta dubi allon kwamfutar, da sauran hotuna. Ta bar shi a kunne ta shiga.

Da yamma direban ya iso, ya tarar da takalma a ƙofa. Ya cire hularsa. Tela ta juyo masa da allon.

Ya zauna a kujerar Baba. A hoton, mahaifiyarsa tana tsaye a bakin wata ƙofa, ta rufe baki da hannu tana dariya. A cikin gida ana ta zuba ruwan wankan gawa a bokiti.