Ƙafar Surukata

Tun da jami'an lafiya suka kafa allon bidiyon nan na ganin likita daga nesa a asibitin ƙauyenmu suka janye nas ɗinmu, wai ai ga likita a bango. Na tsani allon, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Likita yana can birnin Darwin yana shan sanyin na'ura, ni Desmond, ma'aikacin lafiya ɗaya tilo, ni ne hannunsa.

Da damina, bayan ruwa ya yanke hanya, matata Loretta ta turo uwarta a keken guragu, ciwon suga ya kumbura mata ƙafa. Ina jin muryarsu na fice ta ƙofar baya. A wurinmu namiji ba ya kallon surukarsa, ba ya kiran sunanta, ko inuwa ɗaya ba sa zama. Shekara goma sha tara ban san yadda fuskarta ta tsufa ba.

Ta taga na yi wa likitan allon, Dakta Pritchard, bayani. Ya ce ai ya yi kwas a kan al'adunmu, yana mutunta su ƙwarai. Kwas ɗin na kwana biyu ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jirgin saman ɗaukar marasa lafiya dai ɗaya ne, ƙauyuka uku na jira, ya ce ba zai turo shi ba sai wanda aka horar ya laluba bugun jini a ƙafar. Loretta ta gwada, ya ce ba ta iya ba.

"Minti ɗaya ne fa, Desmond. Shiga kawai," in ji Pritchard.

"Likita, kai kana kashe allo ka tafi gida. Ni a garin nan za a binne ni."

Loretta ba ta roƙe ni ba. Tsayawa ta yi tana kallona, abin ya fi roƙo ciwo. Na shiga da baya. Tsohuwar ta ja zane ta rufe kanta. Na durƙusa na ɗora yatsuna, ƙafar ta yi sanyi ƙalau. Babu bugu. Pritchard ya ce madalla, aiki ya yi kyau, zai turo jirgin.

Jirgi ya zo ya ɗauke ta, aka yanke mata yatsun ƙafa biyu, ƙafar ta tsira. Suka sa labarin a rahoto, wai shaida ce allo yana aiki, suka janye nas ɗin ƙauyen gaba.

Tsohuwar ta dawo gida da sharaɗin a riƙa wanke mata ciwon duk bayan kwana biyu. Ta aiko min da saƙo: muddin ni ne a asibitin, ba za ta sake taka shi ba. Yau sati uku ke nan. Jiya Loretta ta ce ɗakin uwarta ya fara wari.