Wadda Ta Riƙe wa Hafsat Aji

Lokacin da labari ya bazu cewa za a sallami duk malamin firamaren da ba shi da NCE, Hafsat ta haura shekara ashirin tana koyar da 'yan aji uku a wani ƙauye bayan Kajiji, da tsohuwar takardarta ta Giredi Tu. Ta nemi hutun karatu, aka ce ta jira. Ta jira har aka yanke gero, babu amsa.

Hedimastansu, Malam Ladan, shi ya kawo dabara.

"Malama, wa ka jiran ofis? Ki samo wadda za ta riƙe miki aji, ki tahi ki yi karatunki. Haka kowa ka yi."

Gaskiya ne haka kowa yake yi. Sai dai masu ba da wannan shawara ba su cika faɗin yadda ta ƙare wa waɗanda suka bi ta ba.

Hafsat ta ɗauko ƙanwarta Rashida, wadda ke zaune gida a Shagari tun da aurenta ya mutu. Ta gama sakandare, rubutunta mai kyau ne, kuma idan ta sa hijabi sai ka matso kafin ka bambanta su. Malam Ladan ya kafa sharaɗi guda: saboda masu duba makarantu, kowa zai riƙa kiran Rashida da Malama Hafsat, har yara.

Hafsat ta koma Bodinga gidan gwaggonta, kullum tana bin mota zuwa kwaleji a Sakkwato. Ta zauna benci ɗaya da sa'o'in ɗiyarta, suna ce mata Mama, suna aron bironta ba sa mayarwa. Ta sayi tabarau. Karatun ya shige ta fiye da yadda ta zata, har ta fara jin haushin shekarun da ta yi tana sa yara maimaita abin da ba su gane ba.

A hutun shekara ta biyu ta hau babur ta leƙa makarantar. Yaran da ta sani sun wuce gaba. Waɗanda ke aji uku suka miƙe suka gaishe ta irin gaisuwar baƙo. Teburinta an mayar da shi gefen taga. Kan allo an rubuta sunanta da hannun da ba nata ba.

"Yaya, da kin bugo waya," Rashida ta ce. Ba ta tashi daga kujerar ba.

A shekarar ƙarshe aka sa ranar tantance ma'aikata, ta faɗo daidai da jarrabawar Hafsat. Wanda bai je ba za a ɗauke shi ma'aikacin bogi. Malam Ladan ya ce kada ta damu, ya ga tantancewa iri-iri: a kira suna, mutum ya ce na'am, a dubi fuska, shi ke nan. Rashida ta je sakatariya a Shagari ta amsa.

Hafsat na fitowa ɗakin jarrabawa ta kira ta.

"An gama lahiya?"

"Lahiya lau. Sai dai wanga karo da na'ura sunka zo."

"Wace na'ura?"

"Ta ɗaukar yatsa. Da hoto. Ina cikin layi, Yaya, mi za ni yi? In gudu? Na dangwala."

Hafsat ta tsaya bakin titi, motar Bodinga ta cika ta tashi ba ta shiga ba. Ta dubi babban yatsanta. Daga yau, a wajen gwamnati, wannan yatsa ba na Hafsat ba ne.

Malam Ladan ya ce za a gyara, yana da mutum a ofis. Kafin sakamako ya fito aka yi masa canjin wurin aiki zuwa can wajen Dingyadi, wayarsa kuma ta daina shiga.

Sakamakon ya yi kyau. Hafsat ta je Shagari da shi, ta sami Rashida a tsakar gida tana gugar hijabin aiki.

"Na gama. Litinin zan karɓi ajina."

"Madalla." Rashida ta juya hijabin. "To in anka sake kiran tantancewa fa?"

"Sai mu je tare mu hwaɗi gaskiya."

"Gaskiya? Ki ce kin bar aiki shekaru ba izini, ni kuma na dangwala da sunanki? Ke a kore ki, ni a kai ni gidan yari. Karatun nan da kinka yi bai hwaɗa miki haka ba?"

"Rashida, ni kike gaya wa magana?"

"Ba magana ba ta, Yaya. Yaran nan sun saba da ni. Ni ma na saba." Ta kashe dutsen gugar. "Ke ga takarda. Kina iya neman sabon aiki."

"Da wane suna?"

Rashida ta miƙe tsaye. Ta ninke hijabin da kyau ta shiga ɗaki.

Ranar Litinin su biyu suka shirya. Babur ɗaya ya ɗauke su, Rashida a gaba. Hafsat ta riƙe takardarta cikin leda a ƙarƙashin hijabi. Ta shirya abin da za ta faɗa tun daga gida.

Sabuwar hedimistires, Hajiya Indo, wadda ba ta daɗe da zuwa ba, tana tsaye gindin dalbejiya tana kallon yara suna layi. Ta yi murmushi, ta dubi Rashida.

"Malama Hafsat, yau da baƙuwa kinka zo muna? Kai, wagga kama!"

Hafsat ta buɗe baki. Ta ga yaran aji uku sun juyo gaba ɗaya, ta ga malamai biyu da ba ta sani ba suna saurare. Ta juya ga ƙanwarta, don ta ba ta damar fara faɗa da kanta.

Rashida ta gyara wuyan hijabinta.

"Yayata ta, Hajiya," ta ce. "Sunanta Rashida. Rakiya tay yo mini."