Sulken Kasko

Tun daminar da 'yan bindiga suka kore shanun ƙauyensu na gefen Ruma, suka cinna wa rumbuna wuta, Ikilima da mijinta Tayyib suka dawo Batsari da zama. Ɗaki ɗaya suka kama a bayan tashar 'yan acaɓa, su da 'yarsu Nazifa. Ƙanen Ikilima, Haisam, wanda gemu ya riga ya cika masa fuska, a zaure yake kwana. Duk abin da Ikilima ta iya fitowa da shi ranar gudu shi ne kaskon tuya na baƙin ƙarfe, babba mai zurfi, wanda ta gada wurin mahaifiyarta. A ka ta kife shi ta yi gudu, da goyo a baya. Da shi ta riƙe gidan: ƙosai da safe a bakin tasha, awara da yamma.

Tayyib kuwa manomi ne, ba shi da wata sana'a. Ya gwada dako a kasuwa, ya gwada leburanci, babu wanda ya ɗore. Sai ya koma zaman benci a rumfar wani mai cajin waya, kuma can aka saka masa wani wasa a wayarsa. Tun daga nan kansa bai ƙara ɗagowa ba.

Wata rana da hantsi, Ikilima tana durƙushe tana wanke wake, ya matso ya kara mata wayar a fuska.

"Duba nan, Maman Nazifa. Tsirara ake jefa mutum cikin dajin nan, daga shi sai ɗan kamfai. Sanyi ya kashe shi, kura ta kashe shi, ƙaya ma rage masa jini take yi. Sai ya kashe barewa ya feɗe, ya ɗinka rigar fata. Fata tana tare sanyi da cizo, amma ba ta tare kibiya. In ya tsinci ƙarfe ya kai wuta ya ƙera sulke, to, daji ya zama nasa. Kin ga nawa? Gaba da baya ƙarfe ne. Ko an harbe shi, kaɗan jinin ke raguwa."

Ikilima ta dubi ɗan mutumin da ke zagaye cikin gilashin. "Shi wannan naka, yana cin abinci?"

"Yana ci mana. Har gona gare shi."

"To ka ce ya aiko mana da tiya ɗaya ta gero."

Tayyib ya janye wayarsa. Ita ma ta ci gaba da murza wake da ƙarfin da ya fi na kullum. Abin da ke ƙona mata rai ba zaman banzan ba ne kaɗai. Dajin ne. Mutumin da daji ya kora daga gidan ubansa, shi ne yake wuni yana yawo cikin wani dajin da babban yatsa, yana murmushi.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Talata, har ya hana ta tuyar awarar yamma. Washegari Ikilima ta dawo daga injin markaɗe da bokitin ƙullu a ka, ta sauke, ta miƙa hannu bayan ƙyaure inda take jingine kasko. Ba ta taɓa komai ba sai bango. Ta duba ƙarƙashin gado, ta leƙa madafar maƙwabta, ta tambayi matan gidan. Can sai Nazifa ta ce ta ga babanta ya fita da shi jiya da la'asar, cikin buhu, ya nufi maƙera.

Ko mayafi ba ta gyara ba ta fita. A maƙera ta iske Baba Jinjiri, tsohon maƙerin unguwar, yana wasa bakin sungumi. Duk da abin da ke cinta sai da ta durƙusa.

"Ina kwana, Baba. An tashi lafiya? Ya aiki?"

"Lafiya lau, 'yata. Ya yara?"

"Lafiya. Baba, kaskona."

Tsohon ya ajiye sungumin a hankali. Da baki ya nuna mata gefen uwar maƙera. Kunnuwan kaskon ne guda biyu a ƙasa, da wani siririn yanki na bakinsa, har da maiƙon man gyaɗa a jiki.

"Ya ce in raba shi biyu in buge, ɗaya na ƙirji ɗaya na baya. Na tambaye shi ko kin sani. Ya ce ke kika ba shi."

"Ni na ba shi?"

"Haka ya ce."

"Baba, kai ne kake yi mini facin kaskon nan. Ka san da shi nake ci da mutum huɗu. Da ya zo da ƙaryarsa, ba ka da yaron da za ka aika ya tambaye ni?"

Baba Jinjiri ya sunkuyar da kai ya ce ta yi haƙuri. Ta tsince kunnuwan kaskon ta ƙulle a bakin zane, ta miƙe ba sallama.

A fegin da ke bayan gidansu ta tarar da taro. An rataye wata riga a jikin bishiyar darbejiya, marar hannu, ta koren tamfol, tela ya yi mata manyan aljihu gaba da baya an zura ƙarfen ciki. Wani mafarauci yana tsaye nesa kaɗan da bindigar toka. Ya saita ya sake ta, hayaƙi ya turnuƙe. Da aka ruga aka duba, tamfol ya huje, amma ƙarfen loɓawa kawai ya yi. Samari suka yi ta shafa shi suna kabbara. Tayyib yana tsakiya, fuskarsa a washe yadda rabon Ikilima da ta gan ta haka tun suna ƙauye.

Ta ratsa maza ta tsaya gabansa.

"Malam, mutanen dajin nan da bindigar toka suke zuwa?"

Babu wanda bai san amsar ba a cikinsu.

"Mu je ciki," in ji Tayyib.

"Nan ka yanka shi a gaban mutane, nan za ka ji. Ka shiga ɗakina ka ɗauki abin da uwata ta bar mini, ka je ka yi wa tsoho ƙarya da sunana. Ƙulluna yana can yana tsami. Gobe me Nazifa za ta ci? Wayar za ka dafa mata?"

Ya kama hannunta ya ja ta zaure. Ta fizge. A can ya rage murya, idonsa ya kaɗa.

"Ikilima, na gaji da cin ƙosanki. Kowace safiya in miƙa hannu ki zuba mini kamar ɗanki. Ruwa ya sauka. Ƙasar ubana tana can ciyawa na cinta. In na shuka bana, baɗi ba sai kin zauna gaban wuta ba."

Maganar ta taɓa ta, kuma taɓawar ce ta ƙara tunzura ta.

"Da ka zo ka ce mini haka, da mun yi magana irin ta manya. Amma ba ni ka tambaya ba, ɗan tsanan cikin waya ka tambaya. Shi in ya mutu sai ka danna ya tashi. Kai wa zai danna ka?"

Ta juya ta ga Haisam a bakin ƙofa riƙe da sungumi sabon wasawa. Nan ta gane da wa za a tafi.

"Kai kuma, in ƙafarka ta taka hanyar Ruma, ban yafe ba."

"Yaya, wuni ɗaya ne. Mu shuka mu dawo."

"Na faɗa maka."

Da gari ya waye ba Tayyib, ba Haisam, ba rigar. Ikilima ta zubar da ƙullun da ya lalace a kwata, ta ari ƙaramin kasko wurin Kaka, tsohuwar da ke ɗakin kusa da nasu, ta fita tasha. Kaskon bai ɗaukar abin kirki, mai yana ta fallatsa mata a hannu. Wani ɗan acaɓa ya ce yau ƙosan ya ƙanƙance, ta ce in bai so ya ajiye. Duk babur ɗin da ya fito daga hanyar Ruma sai ta ɗaga kai, ta kuma ji haushin kanta da ta ɗaga.

Bayan azahar aka aiko ta je asibiti.

A baranda ta iske Haisam, laka har wuya, gaban rigarsa jini ya bushe. Ya miƙe ya ba ta labari ba tare da ta tambaya ba. Sun isa gona lafiya. Tayyib ya cire rigar ya ce Haisam ya saka, tunda shi amana ne a hannunsa. Sun shuka kusan rabi sai suka ji babura daga cikin daji. Suka zubar da iri suka nufi ƙorama. Ƙoramar ta kawo ruwa saboda ruwan da aka yi, ga laka. Tayyib ya haye, amma Haisam ƙarfen ya danne shi, ƙafa ta nutse, igiyar rigar ta jiƙe ta ƙi kwancewa. Tayyib ya dawo cikin ruwan ya yanke igiyar da wuƙa, ya tura shi gaba. Suna hawa gaɓa aka harbo. A cinya harsashin ya sami Tayyib. Cikin duhuwar geza suka ɓuya har baburan suka wuce, sannan Haisam ya goya shi zuwa hanya.

"Rigar fa?" in ji Ikilima.

"Tana cikin ƙorama, Yaya."

Ta ɗauke shi da mari a gaban masu jinya. Bai kare ba. Ta wuce ciki.

Tayyib yana kwance, an naɗe cinyar, leɓɓansa sun yi fari. Ma'aikaciyar jinya ta ce harsashin ya fita, ya taɓa ƙashi, amma zai tashi da yardar Allah. Ikilima ta ce alhamdu lillahi, ta zauna a ƙasa kusa da gadon. Ya kira sunanta, ta kau da kai. Ta ba shi ruwa, ta goge masa fuska, ta kore masa ƙuda, duk ba tare da ta ce masa uffan ba. Haka suka yi kwanaki.

Ranar wata Juma'a da hantsi aka share ɗakin, aka ce wani babban mutum daga birni zai zo duba waɗanda aka harba. Ya shigo cikin farar shadda, ana biye da shi da ledojin lemu da sabulu, wani yana ɗaukar hoto. Masu tsaronsa biyu suka tsaya a bakin gadon Tayyib. Kowannensu sanye da baƙar riga marar hannu a kan kayansa, mai kauri, ta zauna a jiki daram, suna juyawa da ita kamar ba su ɗauki komai ba. Ikilima ta ga idon mijinta ya kafe a kan rigar, ya manta da baƙon da ke yi masa sannu.

Ta miƙe. Ta gaida babban mutumin yadda ya kamata, sannan ta juya ga mai tsaron da ke kusa da ita.

"Ɗan'uwa, wannan rigar tana tare harsashi?"

Ya dubi maigidansa, ya dube ta. "Tana tarewa, Hajiya."

"Na irin bindigar mutanen daji?"

"Har shi."

"Ashe akwai ta." Ta juya ga mai farar shadda. "Ranka ya daɗe, ashe akwai ta. Ku da kuka zo cikin mota, tsakiyar gari, da rana tsaka, ku aka saka wa. Wannan da ke kwance gona ya je. Gero ya je shukawa a ƙasar ubansa. Da kaskon ƙosai ya je a ƙirji, shi ma ɗaya ne su biyu."

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri, ana ƙoƙari," in ji mutumin. Mai hoto ya sauke wayarsa.

"Ba rigar nake roƙo ba. Ku riƙe abinku. Ni so nake a ce mutum ya tafi gona da 'yar shara da fartanya ya dawo, yadda muka taso muka gani. In ba za a iya ba, a faɗa mana a daina kawo mana lemu."

Muryarta ba ta tashi ba, amma har gadon ƙarshe an ji. Wata mata da ke jinyar ɗanta ta ce, "Faɗa musu." Ma'aikaciyar jinya ta zo ta riƙe kafaɗar Ikilima tana lallashi, baƙin kuma suka wuce gado na gaba da sauri, daga nan suka fice.

Da ɗakin ya lafa, Tayyib ya juyo da kansa.

"Maman Nazifa, kin ba ni kunya gaban baƙi."

"Ka ji da ƙafarka," in ji ta. Maganar farko ke nan da ta yi masa tun da aka kawo shi. "Ɗaga in gyara maka zanen."

Ya ɗaga yana cije baki, ta ja zanen ta daidaita.

Ƙafar ta warke, amma da ɗingishi ta bar shi. Haisam bai jira an sallamo Tayyib ba. Ya bi wata motar hatsi zuwa Kudu neman aiki, kuma wurin Kaka ya bar sallahu, bai yi wa yayarsa sallama ba. Da Kaka ta gaya mata, Ikilima ta ce Allah ya tsare, ta ci gaba da abin da take yi. Sai da tsohuwar ta koma ɗaki sannan ta zauna a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallon hannun da ta mare shi da shi, ranta yana tafasa.