Faifan Manyan Kamfanoni

A bayan faifan ajiyar kwamfuta da Yaya ya sayo akwai sauran gam, inda aka kankare lambar wani ofis da farce. Auta ta lura da shi tun kafin Yaya ya gama ajiye abin a teburinta, amma Yaya ya riga ya fara jawabi.

"Wannan da kike gani ba na yara ba ne. Manyan kamfanoni ke aiki da irinsa. Duk bidiyon da muka ɗauka tun buɗe shagon nan zai haɗiye, ya ce a ƙaro."

Shagon nasu na ɗaukar bidiyo ne da haɗa tallar rediyo, ɗaki ɗaya da aka liƙe bangonsa da soso. Yaya ne mai kyamara da baki. Auta ce mai zama gaban kwamfuta tana yankawa tana haɗawa. Duk aikinsu yana cikin wani tsohon faifan ajiya da ke zaune a gefen tebur da wayarsa, har da bikin 'yar wata ma'aikaciyar jinya, wanda Auta ta kwashe makonni tana gyarawa, kuma babu kwafinsa ko'ina. Wannan tsohon faifan ne Yaya ya yi wa abokinsa alkawarinsa. Da yamma zai zo ya karɓa, a goge tas.

Yaya ya buɗe cikin kwamfutar, ya jawo waya, ya kai bakin sabon faifan. Bakin ya yi kama da wanda ya sani, amma wayar ta ƙi shiga. Ya juya ta, ya hura mata iska, ya danna da ƙarfin da yake buɗe kwalba.

"Yaya, zai karye."

"Wayar ce 'yar ƙauye. Ba ta taɓa ganin babban baƙo ba."

Ya tafi kasuwa ya dawo da wani kati da ake ɗaura faifan a kai, a soka a cikin kwamfuta. Wannan karon ya shiga. Sunan faifan ya fito a allo, Yaya ya ja da baya yana kallon Auta kamar shi ya ƙera shi.

Auta dai ta karanta a wayarta cewa irin wannan faifai a ɗaki mai sanyi yake zama, fankoki na hura shi ba dare ba rana. Su kuwa tuni aka cire fankokin cikin kwamfutarsu aka bar ɗaya tak, saboda Kawu, mai karanta tallar, ya ce makirufonsa na jin numfashinsu.

"Yana son iska, Yaya," ta ce a hankali.

"Ashe balan-balan na sayo. Fara kwafa, malama."

Ta fara. Da farko abin ya yi gudu har Yaya ya ɗauki hoton allon. Can sai ya koma tafiyar mai ciwon ƙafa, sannan sunan faifan ya ɓace gaba ɗaya. Yaya ya kai yatsa ya taɓa shi, ya janye da sauri ya sa a baki.

"Alamar ƙarfi ce," ya ce ta gefen yatsan.

Duk da haka ya jawo fankar tsaye daga bayan ƙofa, ya karkatar da kanta cikin buɗaɗɗiyar kwamfutar. Takardun tebur suka tashi sama. Da aka kashe aka kunna, faifan manyan kamfanoni ya dawo hayyacinsa, albarkacin fankar da aka ɗaure wuyanta da tsumma. Kwafin ya ƙare. Yaya ya ce dama shi ya san ɗan gyara kaɗan ake nema.

Auta ta buɗe bikin daga sabon faifan, tana bi tana dubawa. Tana cikin haka Kawu ya shigo da takardar tallar sabulu. Bai ko kalli ƙasa ba ya kashe fankar da babban yatsan ƙafa, kamar yadda yake kashe duk wani abu mai ƙara a ɗakin. Ya gyara murya, ya fara yabon kumfa. Bai gama karo na uku ba amarya ta sandare a allo, baki buɗe, ido ɗaya a rufe. Sunan faifan ya sake ɓacewa.

"Hutawa yake," in ji Yaya. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba. "Ga mutumin nan a hanya. Auta, goge tsohon."

"Kawu kullum yana naɗar talla, Yaya. In an kashe fanka faifan ya tafi. Ban ma gama duba bikin ba."

"Komai na ciki. Tafiya yake ya dawo."

"Wace fanka?" Kawu ya cire abin kunnensa. "Kai, ɗan nan, a cikin guguwa zan sayar wa mutane sabulu?"

"Kawu, zamani ne ya zo."

"Zamanin da sai an yi masa fifita? Kakarku ma ba ta kai shi shagwaɓa ba."

Yaya ya ɗaga kwalin da katin ya zo a ciki, yana nuna wa Kawu rubutun jiki, wanda shi ma bai karanta ba. Kawu ya ce a kai abin asibiti. Yaya ya kunna fankar, Kawu ya kashe. Daga waje aka ji babur ya tsaya, abokin Yaya na tambayar mai shagon kusa ko mutanen bidiyo suna ciki.

Auta ta kalli amaryar da ke sandare, ta tuna yadda ma'aikaciyar jinyar ke shigowa da kayan aiki a jikinta, ta tsaya bakin ƙofa ta tambaya ko an kusa. Ta miƙa hannu ta zare wayar tsohon faifan, ta naɗe ta a jikinsa, ta tura shi can ƙasan jakarta. A bakin ƙofa ta matsa wa abokin Yaya ya shige, ta sa takalminta, ta bi titi.