Hannun da Bai Kai Kunne Ba

"Mama Priskila, in kin mutu, ina za a riƙa ajiye mu da safe?"

'Yata Fatu ce, mai shekara huɗu, ta yi tambayar, tana tsaye a bakin gadon riƙe da kwanon kunun da muka kawo. Na kai hannu zan toshe mata baki, Mama ta kama ni da yatsunta da ciwo ya tsotse.

"Bar ta, Maman Fatu. Duk masu zuwa dubiya, ita kaɗai ta tambayi abin da ke damuna."

Katanga ɗaya ce tsakaninmu a Azare. Tsohuwar malamar firamare ce daga wajen Bogoro. Da ta ajiye aiki, mijinta kuma ya rasu, sai ta share rumfar tsakar gidanta ta shimfiɗa tabarmi. Mu masu fita da sassafe muka riƙa kai mata yara: ni ina shara a asibiti, Yakaka tana tuyar ƙosai a tasha, wasu suna kasuwa. Yara goma sha bakwai, babu wanda ya kai shekara shida. Tana koya musu wanke hannu da ƙirga da ƙwallon tsamiya, kuma in zazzaɓi ya kama yaro, takan riga uwarsa ganewa.

Tun kafin ta kwanta take rubuta wa hukuma. Abin da ta roƙa bai taka kara ya karya ba: ɗaki ɗaya a makarantar unguwa, da mace ɗaya mai albashi da za ta ci gaba a bayanta. Sau biyu shiru. Ta ukun muka dangwala yatsu dukanmu, ta ce in kai da hannuna, in tafi da Fatu su ga irin yaran da ake magana a kai.

Jami'in da na samu mutum ne mai fara'a, har alewa ya ba Fatu. Ya karanta takardar, sannan ya ce wa Fatu ta ɗora hannun dama bisa kai ta taɓo kunnen hagu, yadda ake gwada masu shiga aji ɗaya. Ta miƙa, ta karkata wuya, har da ɗage. Bai kai ba.

"Kin gani, Malama? Wanda hannunsa bai kai kunne ba, ba namu ba ne tukuna. Na uwarsa ne."

Na ce uwar ai ƙarfe bakwai take kama aikin gwamnatin nan. Ya ce ya sani, sai dai babu inda aka yi tanadin irin wannan. Ya tura takardar ƙarƙashin wasu.

Amsar da na shigo da ita ke nan ranar da Fatu ta yi tambayarta. Na yi niyyar in ce wa Mama suna dubawa. Da ta zuba mini ido, sai na kasa, na faɗa mata yadda aka yi. Ta yi dariyar da ta ƙare da tari.

"Ba shi da laifi. Ni ma shekara talatin ina mayar da yara gida da kunnen nan. Ban taɓa tambayar ina suke komawa ba."

Ranar Asabar da la'asar ta cika, a hannun Hanatu 'yar ƙanwarta. Matan cocinsu suna waƙa a ɗaki, mu muna zaune a rumfa bisa tabarmin yaranmu. Washegari aka ɗauki gawar a akori-kura zuwa garinsu, Hanatu ta sa wa gidan kwaɗo.

Litinin ta zo. Maigidana yana kan hanyar Maiduguri da babbar mota, dangina suna Disina. Yakaka ta tafi da ɗanta tasha, za ta zaunar da shi kusa da kaskon mai. Ni kuwa a asibiti an hana mu shiga da yara. Na ɗora turmi a kan murfin rijiya, na kwashe ashana da wuƙa da kwalbar kananzir, na ajiye wa Fatu kunu da ruwa da fo. Na ce ina zuwa yanzu, na jawo ƙofa na kulle.

'Yar'uwa, in dole ta kai ki inda ta kai ni, ki duba ƙarƙashin gado sau biyu kafin ki fita. Kuma in kin murɗa makulli, kada ki tsaya sauraro a bakin ƙofa. In kin tsaya, ba za ki iya tafiya ba.