Injinan Kawu Gigmai

Kiage na tsugune tana kwashe ganyaye daga ragar bakin bututun ruwa sa'ad da ta ji kukan injinan kawunta ya canza. Tun jiya suke ihu, amma yanzu ihun ya sirance, yana shiga har cikin haƙori. Ta gyara igiyar jakar saƙa a goshinta, jaririnta na barci a ciki, ta gangara.

Shekara huɗu ke nan tana kula da ɗan injin ruwan da ke bai wa ƙauyen wuta. Wutar ba ta taka kara ta karya ba: fitilun coci, na makaranta, sai firjin ɗakin shan magani inda ake ajiye allurar rigakafi. Daga garin Kundiawa ake kawo allurar, sau ɗaya a wata uku, shi ma in hanya ba ta zabtare ba.

Ana haka Kawu Gigmai, ƙanen mahaifiyarta, ya dawo daga Lae, birnin bakin teku, da akwatunan ƙarfe shida, wai suna haƙo kuɗin intanet. Ba wanda ya ga diga ko shebur. Hujjarsa ɗaya ce: a bakin teku zafi ke kashe irin waɗannan injina, a kan tsauni kuwa sanyi kyauta ne.

Ta tarar da shi a rumfar kwano, ya tara dattawa, yana ɗaga murya don a ji shi.

"Wannan somin-taɓi ne. Nan da shekara biyu a sararin samaniya za a rataye su. Can rana ba ta faɗuwa, sanyi kuwa sai wanda ya gani."

Tsoho Degemba ya tofar da ɓawon rake. "In suka lalace a can, wa zai hau ya gyara? Kai da ka huta sau uku daga titi zuwa nan?"

Aka yi dariya. Kiage ta kai tafin hannu jikin akwati ɗaya, ta janye da sauri. Duk ƙananan fitilunsu sun koma ja.

"Kawu, sun ɗau zafi."

"Zafi? A garin da raɓa ke daskarewa a kan ciyawa?"

"Sanyin na nan. Iskar ce ba ta da kauri. Fankokin juyawa kawai suke, ba abin da suke kwasowa. Kai ma ka san a nan tukunya na tafasa, dankali na ɗanye."

"Ku ji mini 'yar boko. Ni da na yi magana da Bature a birnin Brisbane, ta waya, awa guda cur." Ya nuna wasu manyan fankoki biyu da ya aro daga wurin shanya kofi. "Ga maganin abin. Wuta kawai suke so. Ki yanke mini layin ɗakin magani zuwa jibi."

"Allurar ba za ta kai gobe ba."

"A tsoma ta a rafi mana, ruwan ai ƙanƙara ne. Harka ta kankama, firji goma zan sayo muku."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya, har Degemba ya mai da ido kan rakensa. Ba a ce wa ɗan'uwan uwa a'a. A al'adar nan jinin yaro na dangin uwa ne, kuma in ran kawu ya ɓaci yaro ramewa yake yi, sai an kai alade an wanke zuciya. Gigmai ya leƙa cikin jakar, ya yi murmushi.

"Ya ɗan namu? Yana dai ƙiba ko?"

"Yana yi, Kawu."

"To, je ki."

"To, Kawu."

Ɗakin wutar na can ƙasa, gefen rafi. Makunnai biyu ne a bango, ita ta rubuta sunan kowanne da fenti. Ta daɗe a tsaye. Ranar Alhamis mata kusan talatin za su sauko daga gonakin kan duwatsu da goyonsu, wasu tafiyar wuni guda, kuma sunan ɗanta ne na bakwai a takardar masu karɓar rigakafi. Ta goge hannu a siket, ta kama ɗaya ta ja ƙasa.

Ihun injinan ya ɗauke.

Sai da Kawu Gigmai ya huta sau biyu kafin ya iso, yana haki, ya dafa ƙofa.

"Kin kuskure makunni."

"Ban kuskure ba, Kawu."

"Kin san abin da kika taɓo?"

"Na sani. Ranar Asabar zan kawo maka alade."

Ya waiga wajen rumfar kwanon da ta yi tsit, sannan ya dube ta.

"Wanne?"

"Guda nawa gare ni? Ita ce dai."

"Baƙar nan mai ciki?"

"Ita."

Mai shirin hawa sararin samaniya ya shiga lissafin 'ya'yan da za ta haifa, leɓunansa na motsi a hankali.

"Kada ki bari ta haihu a gidanki," in ji shi.

Kiage ta jawo ƙofar, ta sa kwaɗo, ta tura mabuɗin ƙarƙashin zanen jaririn.