Jan Ƙarfe a Gonar Baba

Da hantsi ne, rana ta riga ta yi zafi, sama fayau ba ko gajimare. Damina biyu ke nan garinmu Yekuwa bai ga ruwan kirki ba.

Mushe Bukar, wato Malam Bukar da Faransanci, ya fito daga ramin rijiyar da muka fara haƙa a gonarmu, hannunsa cike da yashi mai danshi. Malami ne daga babbar makarantar Yamai, aikinsa karatun duwatsu da yadda ƙasa ke kwance a kan ƙasa. Ya ce littafi yake rubutawa, in ya gama za a ƙara masa girma.

"Baba Lado, ruwa na nan kusa!" ya ce da ƙarfi. "Duk yankin nan ba inda ya kai gonarka."

Mutane sun taru. Cikinsu har da Maina, ƙanen maigari, yana sakace haƙori.

Baba bai yi murna ba. Ya matsa kusa, ya rage murya.

"Ɗana, da ka faɗa mini a kunne."

"Haba Baba, abin alheri ake ɓoyewa?"

Ya ɗauko ƙarfe mai jan fenti ya kafa a wurin, ya ɗauki hotonsa.

* * *

Ba a yi mako ba Maina ya zo gidanmu gaisuwa, shi da bai taɓa taka zaurenmu ba. Ya tambayi lafiyar kowa, har akuya.

"Lado, jiya nake tuna wani abu. Gonar nan ta gabas, ba kakanmu ne ya ara wa kakanka ba?"

"Ban taɓa ji ba, ranka ya daɗe."

"Za ka ji. Akwai tsofaffin da suka tuna."

Inna Ƙande tana daka, sai na ji taɓarya ta tsaya.

* * *

Ranar da Mushe Bukar zai tafi, yaran Maina suna jan ƙaya suna kewaye jan ƙarfen. Ya gani ta tagar mota, ya yi murmushi.

"Madalla, har an fara aiki."

A bakin gonar motar ta kafe cikin rairayi. Baba ya ajiye sandarsa, ya sa kafaɗa, ni ma na sa. Muka tura har ta fita.

Ba ta tsaya ba. Baba ya daɗe yana kakkaɓe yashi daga gemunsa.